Huji na Biyar a Algaitar Maigari

A shekarar da aka janyo layin dogo daga Ringim aka nufo Gagarawa da shi, ba a daɗe da fita yunwar da muka ci hatsin buhu ba, a shekarar ne busa ta ƙare a gidanmu. Ina saurayi a lokacin, an kai gaisuwar aurena amma ba a sa rana ba. Saboda ke nake rubuta wannan, Talatu, ke da 'ya'yanki, don na ji da kunnena yaran unguwa suna ce wa ɗanki jikan mai iska. Ubanki Habu yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma a hannuna kika tashi tun da aka yaye ki. Tunda Allah ya sa na koyi riƙe alƙalami a ajin yaƙi da jahilci da furfura a gemuna, gara in ajiye maganar yadda take kafin in bi su. Babu iskar da ta taɓa ubanki.

Mu mabusa ne, a wani ƙauye tsakanin Gumel da Sule Tankarkar wanda ba zan kira sunansa ba, don jikokin Maigarin suna nan kuma ba su yi mini komai ba. Kakanmu ya busa wa kakan Maigari, Baba ya busa wa ubansa, da haƙoran Baba suka zube idonsa ya yi rauni sai Habu ya karɓa. Ni ganga nake bugawa a bayansa. Algaitar ba tamu ba ce, kayan sarauta ce, a ɗakinmu kawai take kwana cikin jakar fata. Babbar gonar da muke nomawa gabas da gari ita ma ta algaitar ce, wanda yake busa shi yake cin ta. Kuma ba a ɗibar ɗan gidanmu zuwa aikin gwamna. Abin da ke kanmu shi ne kowace Alhamis bayan magariba mu tsaya a ƙofar gidan Maigari mu yi sara, in ya fita kuma mu bi shi. Algaita magana take yi. Kowane mai sarauta da takensa, na Maigari yana ambaton kakansa da ya haƙa rijiyar farko a garin, kuma ko yarinyar da ke daka ta san inda yake hawa da inda yake sauka. A gidan nan akwai al'ada guda wadda kowa ke tsoro: ba a karya taken Maigari a tsakiya sai ranar da ya rasu ko aka tuɓe shi. Ran nan mabushi zai ɗauko taken, ya kai rabi, ya sake shi ya watse. Da haka gari yake jin labari, ba sai an yi shela ba.

Da aikin dogo ya matso, aka yanka wa kowane dagaci yawan mazan da zai kai su yi haƙa da ɗaukar ƙasa. Karon farko Maigarinmu ya cika nasa, ya raka su da kansa har Gagarawa, mu kuma muka bi shi da kiɗa. Baturen da ke lura da wannan yanki na aikin, leburori suna ce masa Mai Lofe, don ba ya rabuwa da lofen tabarsa. Ya ji daɗin cikar mutanen, ya ce dagatai su tsaya bayan magariba zai nuna musu wani abu. Aka ɗaura farin zanen gado a jikin rumfarsa, ya fito da wata 'yar na'ura da ake juyawa da hannu kamar keken ɗinki, ta watsa haske a zanen. Shi ne abin da kuke kira majigi yanzu, mu dodon bango muka ji ana ce masa. Da farko jirgin ƙasa ya taso mana, wani dagaci ya bar takalmansa ya yi baya, aka yi ta dariya. Hoton ba ya magana, saboda haka kukun Baturen, wani mutumin Lokoja mai yawan surutu, ya ɗaura faifai a garmaho.

Daga nan sai wasu baƙaƙen mutane suka fito a zanen, baƙaƙe kamarmu, cikin kwat irin na Turawa. Ɗaya yana zaune a kujera da ganguna kewaye da shi yana dukansu shi kaɗai, wannan ni na zuba wa ido. Wani kuma ya miƙe da wani ɗan gajeren kakaki naɗaɗɗe, ya kafa shi a baki, kumatunsa suka kumbura daidai yadda na Habu suke yi. Ya rufe ido, ya lanƙwasa baya, yatsunsa uku suna ta rawa a kan ƙarfen. Turawa maza da mata suna rawa a gabansa. Na juya in yi wa Habu magana, na ga ya baro inda aka zaunar da mu ya durƙusa dab da zanen, har inuwar hularsa ta shiga ciki, sai da aka janye shi. Da aka gama ya je wurin Kuku yana naɗe zanen.

"Don Allah, taken wa mutumin nan yake busawa?"

"Taken wa kuma? Wannan jas ake ce masa. Mutanen Amirka ne, jikokin bayin da aka kai can."

"To ubangidansa fa? Ban ga inda yake zaune ba."

"Ba shi da ubangida, malam. Abin da ya zo masa a ka shi yake busawa, gobe in ya sake ba haka zai busa ba. Kai da kake busa wa mutum ɗaya abu ɗaya tun zamanin kakanka, bakinka bai gaji ba?"

Habu ya juyo ya dawo wurinmu. Sai washegari a hanyar gida, muna tafe a bayan dokin Maigari, ya rage sauri har muka yi nisa da mutane, sannan ya ce mini abin da akwatin garmahon ya faɗa ba shi ne abin da mutumin ya busa ba. Ya ce ya lura, mutumin yana cire bakinsa ya ja numfashi akwatin yana ci gaba, yatsunsa suna gudu akwatin yana tafiyar hawainiya. Na ce to mene ne a ciki, ai duk kiɗan Turawa ne.

"An kashe masa murya an ɗora masa ta wani, Sale. Mun ga mutum yana busa iyakar ƙarfinsa, kuma babu wanda ya ji abin da ya ce."

Tun daga ranar abin ya zauna masa. Ba ya ihu, ba ya yawo, yana sallarsa yana zuwa gona, sai dai in ya zauna yatsunsa uku na dama ba sa tsayawa, a kan gwiwa, a kan ƙotar fartanya, a bakin akushi. Yana son ya gano daga motsin yatsu da kumburin kumatu abin da mutumin ya busa. Uwarki Hajo tana ɗauke da ke a lokacin kina jaririya, takan ajiye masa tuwo ta ce in ya gama hira da mutumin bango ga abinci nan, in kuma mutumin bangon zai ci a ƙaro miya. Inna tana dariya, Habu ma yana dariya. Babu wanda ya ɗauki abin da nauyi.

Amma gari ba a cikin dariya yake ba. Waɗanda suka dawo daga dogo sun dawo da tari da gyambo, suka ba da labari, sai samari suka fara sulalewa suna haurawa ƙasar Faransa ta hanyar Maigatari. Karo na biyu Maigari bai cika mutanensa ba. Muka ji an tuɓe wani dagaci a kudu da mu saboda haka. Maigari ya rame, ya daina zama a waje da yamma. A cikin wannan hali ne wata Alhamis muna sara, Habu ya ɗauko taken lafiya lau, ya kai tsakiya, sai na ji algaitar ta bar hanya ta hau wani wuri da ban sani ba. Bai fi ƙiftawar ido ba. Na maka wa gangar gula da ƙarfi, ya farga ya dawo. Amma daga cikin gidan mun riga mun ji wata tsohuwa ta fara salati.

Da sassafe na ja Baba da sandarsa muka je gaban Maigari ya durƙusa, ya ce karan bakin algaitar ne ya tsage. Maigari ya daɗe yana kallonsa, ya ce a sake wani. Da muka dawo Baba ya zaunar da Habu a zaure. Bai ɗaga murya ba, Baba ba ya ɗaga murya.

"Abin da ke kanka na ji shi, kuma ban ce ba shi da daɗi ba. Amma bakinka ba naka ba ne. Da shi uwarka take ci, da shi 'yarka za ta ci. Ka yanki kara ka je daji ka busa abinka, wannan kuwa ka bar ta da maganar da aka san ta da ita."

Habu ya ce ya ji, kuma ya bi. Ya yi sarewar kara yana zuwa gindin wata kuka a bayan gona. Sai dai ya yi ta ce mini kara ba shi da ƙirji, abin da mutumin ya busa abu ne mai ƙarfi, tunda har jijiyar wuyansa ta fito. Algaita kuwa huji huɗu gare ta, kuma akwai wani wuri can sama da yake jin dole mutumin ya hau, huji huɗu ba sa kai shi. Wata rana da la'asar na nemi jakar fatar a ɗaki ban gani ba. Na bi shi gindin kukar. Na tarar ya hura 'yar wuta, ga basillar dukanci a cikin garwashi, algaitar tana kan cinyarsa da sabon huji a samanta, bakinsa baƙi yana ƙaurin ƙonannen itace. Na zauna a ƙasa.

"Yaya, ka kashe mu."

"Saurara tukuna."

Ya busa. Zan faɗa miki gaskiya, don ni kaɗai na ji, kuma sau ɗaya ke nan. Ba ta kira sunan kowa ba. Ta fara a ƙasa kamar mutum yana gunaguni shi kaɗai, ta yi kamar za ta shiga wani take da na sani sai ta kauce, ta dawo ta sake kaucewa, sannan ta hau can inda ban taɓa jin algaita ta je ba, ta tsaya a nan tana rawa kamar muryar mace a gidan mutuwa, ta sauko a hankali. Na sami hannuna yana buga cinyata ban sani ba. Da ya sauke ta na tambaye shi ko shi ke nan abin da mutumin ya busa. Ya ce bai sani ba, yana jin dai ya kusa. Sannan ya dubi hujin, na ga a lokacin ne ya gane abin da ya aikata.

Muka toshe shi da kakin zuma, muka ja fatar da ke jikin algaitar muka rufe. Da ido ba a ganewa. Amma ran sara Baba yana zaune a gida ya ji daga nesa, da muka dawo ya miƙa hannu aka ba shi, ya shafa ta da yatsa har ya tsaya a wurin. Ya mayar wa Habu ita. Daga baya ya ce kada matan gida su ji, bayan kaka zai sayar da hatsi ya sa wani masassaƙi a Gumel ya yi irinta a ɓoye. Muka yi ta lallaɓa ta haka, mako bayan mako, kowace Alhamis Habu yana sabunta kakin, kuma bai sake kaucewa ko sau ɗaya ba. Wannan ma ina so ki sani.

Da bazara ta yi tsanani aka aiko cewa jakadan Hakimi zai zo ƙidayar mutanen da za a ƙara kaiwa dogo. Muka fita bakin gari tarye tun hantsi. Jakadan bai iso ba sai da rana ta take tsaka, muna tsaye a fili babu inuwa, algaitar tana hannun Habu ta yi zafi kamar dutsen guga. Da suka ɓullo, Maigari ya matsa gaba, Habu ya ɗauko taken. Ya kai daidai tsakiya, wurin sunan kakan, sai kakin ya narke ya zurare. Muryar ta tsage ta watse. Ya danna yatsa zai rufe, ya rasa wani hujin, abin ya ƙara lalacewa. Na buga gangar har fatar ta kusa fashewa, amma babu abin da zan dawo da shi gare shi. Kowa ya juyo yana kallon Maigari. Jakadan, wani dogo mai zolaya, ya dubi Maigari daga kan doki.

"Af, Maigari, har mabusanka sun riga mu jin labari?"

Mutanensa suka yi dariya. Maigari ya yi murmushi shi ma, irin wanda ba na fatan in sake gani.

Bayan jakada ya tafi aka kira mu. Aka zare fatar, kowa ya ga hujin. Wasu suka ce ɗan'uwan Maigari mai neman sarautar ne ya biya Habu, wasu suka ce aljanin bangon nan ne ya shige shi tun a Gagarawa. Maigari ya tambaye shi dalili. Habu ya ce, ranka ya daɗe, wata murya nake nema. Daga wannan amsar maganar iska ta samo asali, don babu wanda ya san inda zai ajiye ta. Aka karɓe algaitar. Maigari ya ce tunda ba mabusa ba ne mu yanzu, gidanmu zai ba da namiji guda a cikin waɗanda za a kai dogo. Ya ce kuma zai kawo wani mabushi daga wajen Damagaram, in na yarda in buga masa ganga, za a bar mana gonar mu noma.

A zaure na ce ni zan tafi dogo. Na fi Habu jiki, ba ni da mata ba ni da ɗa, shi kuwa busa ta riga ta cinye masa ƙirji, ko damin gero ba ya kaiwa gida sai ya huta. Habu ya ce shi ya huda, shi zai tafi. Hajo tana bayan zana tana ji. Muka bar wa Baba. Ya kwana bai yanke ba, da safe ya kira mu.

"In Sale ya tafi, babu ganga, babu gona, mu duka za mu mutu kafin kaka. In Habu ya tafi, wata guda ne a sake su. Habu zai tafi. Allah ya sani ba don na fi son ɗaya ba ne."

Haka aka yi. Na tsaya a bayan baƙo kowace Alhamis ina buga masa, yana busa taken da kakana ya tsara, yana cin rabin maganar don bai san ta ba. Waɗanda aka tafi da su tare da Habu aka sake su suka dawo, shi ba a aika da wanda zai canje shi ba. Aka sake kai wasu suka dawo, shi yana can. Baba ya je ya durƙusa har sau nawa, Maigari yana cewa ana dubawa.

Gab da faɗuwar ruwa na ɗauki garin gero da ƙuliƙuli na je na same shi gaba da Gagarawa, inda aikin ya kai. Da ƙyar na gane shi. Gashin tsakiyar kansa ya cinye saboda kwandon ƙasa, kumatun nan da suka saba kumbura sun zube sun rataya kamar tsohuwar jaka, yana tari yana dafe haƙarƙari. Ya tambayi Inna, ya tambaye ki ko kin fara rarrafe. Ya tambaya ko baƙon yana hawa daidai a wurin rijiya, na ce a'a, ya yi tsaki. Ya ce da ya iso ya je rumfar Mai Lofe ya roƙi Kuku a sake nuna masa mutumin ko sau ɗaya, heluma, shugaban leburori, ya gan shi ya bi shi da bulala, bayan haka kuma Baturen ya ɗaga ya yi gabas da kayansa. Na dubi hannunsa a kan gwiwa. Yatsun a kwance suke.

"Sun ɓace mini, Sale. Ina rufe ido ina ganin fuskarsa, amma hannun ba ya zuwa."

Na ce ya bari in ɗauki kwandonsa shi ya koma gida, heluma kai yake ƙirgawa, bai damu da fuska ba. Ya ce in ya koma Maigari ya gan shi, gonar ta tafi, wahalarsa ta zama ta banza. Ya raka ni har bakin ramin da suke haƙa ya koma.

Muna noman farko wasu mutanen garinmu suka dawo da rigarsa da hularsa. Suka ce tarin ne, ya kwana biyu yana aman jini. Sun yi masa salla su kaɗan, sun binne shi a gefen tudun da suke tarawa. Da na je daga baya an riga an ƙara ƙasa an shimfiɗa ƙarfe, babu wanda ya iya nuna mini wurin.

Maigari bai sauka ba. Ya ƙara shekaru masu yawa a kan sarautarsa, ya rasu da tsufa a ɗakinsa. Mu kuwa da aka yi girbi, baƙon mabushin ya kawo ɗansa ya buga masa ganga, aka ce gonar ta algaita ce, kamar yadda kowa ya sani. Muka ɗaure kayanmu muka koma Maigatari wurin dangin Inna, na shiga dakon kanwa a kasuwa.

Ga abin da muka rasa a shekarar nan. Gona ɗaya, wadda ta ci da mu tun daga kaka. Gidan da aka haife mu. Algaita ɗaya, na ji an jefa ta a rumbu gara ta cinye. Aurena na fari, don iyayen yarinyar sun maido da kaya, sun ce ba sa haɗa jini da gidan iska. Uwarki, da ta gama takaba ta yaye ki danginta suka aurar da ita a ƙetaren iyaka, ba mu sake ganinta ba. Baba, wanda bai kai wata damina ba, kuma tun ranar da aka kawo hular bai sake kiran sunan Habu a gabanmu ba. Ubanki, ba kabari. Sai take-taken gidan sarautar, na Maigari da na iyayensa da na fita da na dawowa, waɗanda Baba da Habu kaɗai suka san busarsu. Ni kiɗansu kawai na sani. Har yau suna hannuna, in na zauna nakan buga su a cinya, in bar wurin da algaita za ta shigo.